Wasan da Ka Bari a Gindin Gawo

Yaya Rabilu, ka tafi ka bar mini wayarka da wasan eshek da ka koya mini, wanda Inna ke kira darar turawa.

Ran Laraba da yamma Inna ta aike ni Korgom niƙa. Da na juyo da jaki, rana ta yi ja. Na tsaya gindin gawon nan na tudu, inda kaɗai rezon waya ke kamawa, inda aka tsinci gawarka da haƙarƙari a karye aka ce ɓarayi ne. So nake in shiga wani kulob na eshek, in yi wasa, in kalli na wasu, ko zuciya ta samu abin riƙewa.

Kulob biyu na gani cikin wayar. Na farko na ɗaliban Maradi, surutunsu duk faransanci, na ji kunyar ajin da na tsaya a makaranta. Na biyu ba shi da suna, baƙin allo kawai. Can na ga wasanka, an kai rabi, ana jiran takunka.

Shi na zaɓa. Na ce bari in ƙarasa maka.

Na tura soja. Tsuntsayen gawo suka yi tsit. Warin ƙonannen gashi ya taso.

Abokin karawarka ya ci sojan. Farcen babban yatsana ya fizge ɗungurungum, jini ya zubo kan gilashi.

Yashi ya yi ƙas-ƙas a bayana, kamar mutane na gyara zama. Ƙasan allo sunayen 'yan kallo na ƙaruwa.

"Taka," wani ya raɗa mini a kunne. Numfashinsa zafi kamar bakin murhu.

Na ja doki baya. Ya bi shi ya ci.

Ƙas! Wuyan jakina ya juya. Ya faɗi yana shure-shure, gari ya watse.

Aka danne mini kafaɗu. Ƙirjina ya fara ƙara.

Sunanka ya fito cikin 'yan kallo.

"Yahaya." Muryarka ce, ƙasa-ƙasa. "Kai wawa ne? Wa ya ce ka zauna wurina?"

"Yaya, mi zan yi?"

"Shafe, ƙanena. Kamar su Baba Manzo. Ni ban shafe ba."

Su Baba Manzo, tsofaffin ƙofar gidanmu, in magariba ta kama su kan dara, ba sa tashi sai sun shafe ramukan da ƙafa, don kada wanda ba a gani ya zauna ya ƙarasa.

Na saki wayar. Na tura mata yashi da ƙafa, na taka, na murje, ina bisimilla.

Wani abu ya yi kururuwa, ya mare ni, na faɗa cikin ƙaya. Na ji haƙori a kan harshena.

Na tashi na ruga. Bayana ana dukan wani, duka mai nauyi. Na san muryar mai nishin.

Ban waiwaya ba, Yaya. Ka yafe mini.

Kunnena na hagu ba ya ji tun ranar. Na ce wa Inna jaki ne ya yi tuntuɓe ya kayar da ni. Kullum tana maka addu'a, tana cewa ka huta, ni kuma in ce amin, kaina a ƙasa.

Har yau ban gaya wa kowa ba.