Robobi Bakwai a Gwangwanin Biskit

A'a, dakata mini! Ke da kika zo biki kika hango yarinya daga nesa, ke ce za ki gaya min man silikon bai yi komai ba? Wai tabon na nan. To da ina kike so ya je? Zauna. Ajiye jakar nan, ba inda za ki sai kin ji.

Jikata dai kin san ta, Allura. Ni na sa mata sunan, don ga ta siririya ga baki da tsini, kuma ta tashi ta zama tela. Ranar da gilashin kabad ɗin shagonsu ya zamo ya yanke ta daga ƙasan kunne zuwa haɓa, ɗinki goma sha ɗaya aka yi mata. Na ce, "Yau tela ta ji yadda yadi ke ji."

Ba ta yi dariya ba.

Nan na san an taɓa min yarinya.

Ciwo ya warke, amma tabo ya taso, ja, mai kauri kamar igiya, ga ƙaiƙayi. Saurayinta mai motar nan ya zo ya gani sau ɗaya, ya ce tafiya ta kama shi. Har yau yana hanya. Yarinya ta naɗe fuska da gyale, ta juya madubi ya kalli bango, ta daina zuwa shago. Keken ɗinkinta har gizo-gizo ya kama haya a ciki.

Likita ya ce tunda fata ta haɗe, a samo man silikon a riƙa shafawa a gida. Ubanta ya sayo. Wata 'yar roba ce kamar ta man goge baki, ruwan ciki kamar yauƙi. Takarda na ciki, amma ni da takarda sai kallo, ita kuma Allura ta ce ba ta karanta komai, a bar ta ta mutu.

Na ce, "Mutu, amma juyo da kuncin."

Na lafta mata kamar ina yaɓen bango. Ai a sanina magani in ya yi yawa ya fi ci. Kwana shida roba ta ƙare.

Ubanta na wurin aiki, ni kuma gwiwa ta riƙe. Wannan karon da gaske ta riƙe, kar ki kalle ni haka. Dole ta ja gyale ta tafi kemis ɗin bakin titi. Ta dawo tana huci.

"Kaka, kin ja min abin kunya!"

"Me na yi?"

"Wani dogo ne a wurin. Na ce a ba ni wani, na farkon ya ƙare a kwana shida. Ya kalle ni ya ce, 'Baiwar Allah, shafawa kike yi ko sha?'"

"Ke kuma kika ce me?"

"Na ce da burodi nake ci!"

Sai ta fashe da dariya. Ta kama baki da sauri, amma na riga na ji. Wata biyu rabon gidan nan da wannan ƙarar.

Ashe Dogo ya zaunar da ita ya koya mata. A wanke wurin, a bari ya bushe ƙarau. A ɗiga kamar ƙwayar shinkafa, a shafa siriri, a jira ya sha iska kafin gyale ya taɓa. Safe da yamma, kullum, kar a tsallake. Kar a bar rana ta dake shi. Ya ce ba aikin sati ba ne, sai an yi wata uku ko fiye, kuma ba zai goge tabon ba, zai dai kwantar da shi ya rage ja da ƙaiƙayi.

"Ya ce roba ɗaya za ta kai ni wata biyu," in ji ta.

Wata biyu!

Na kalli yarinya, na kalli roba. Na ce a raina, wata biyu ba ta taka bakin titi ba? Ba da ni ba.

Kwana takwas roba ta ɓata.

"Kaka, ba ki ga man nan ba?"

"Ni da idona bai ganin ramin allura? Duba ƙarƙashin gado."

Ta duba har da tsintsiya. Ta ja gyale ta tafi. Ta dawo da sabuwa, da labarin wai Dogo ya ce ɓerayen gidanmu za su fi na kowa santsin fata. Sati na zagayowa, waccan ma ta bi 'yar'uwarta. Ubanta ya ce shi bai taɓa ganin magani mai ƙafa ba. Na ce zamani ne, ɗana.

Amma ki lura, ko sau ɗaya ban bari ta tsallake shafawa ba. Sai ta gama ta safe nake ɗaukewa, kafin ta yamma ta sayo wata. Ni muguwa ce mai tsari.

Da roba ta biyar ta ɓata, Dogo da kansa ya rako ta, wai ya zo ganin inda man ke shiga. Ya durƙusa ya gaishe ni, gwiwoyinsa har kunne. Suka zauna a baranda da la'asar, ni kuma na shimfiɗa tabarma bayan taga na kama minshari.

"Allura, ɗan sauke gyalen in ga yadda yake."

"A'a."

"Aikina ne fa."

"Aikinka miƙo magani."

"To ba don aiki ba... don ni."

Na kasa kunne har na manta da minsharin.

"In ka gani za ka yi tafiya," ta ce. "Wani ma ya yi."

"Ni ko keke ba ni da shi, ina za ni?"

Na ji ƙarar abin wuyanta, na san ta sauke.

"Masha Allah! Ya kwanta sosai, jan ma ya ragu. Yana ƙaiƙayi?"

"Ya daina... Shi ke nan abin da ka gani?"

"A'a, sanyin idona. Na ga bakin da ke zagina wata ɗaya da rabi ta bayan gyale. Ashe haka yake da kyau?"

"Kai dai Allah ya shirye ka!"

"Ya shirya mu tare."

Na yi tari don kar abin ya yi nisa.

To, ba a rasa ƙuda a miya. Akwai 'yar ƙanwar uwar Dogo da ke zama a kan kanta a kemis ɗin, mai jan baki kamar ta sha jini. Ta daɗe tana auna Dogo da ido. Ita ta je ta samu uwarsa ta ce yarinyar da ɗanki ke bi ba lafiya gare ta ba, duk sati sai ta zo sayen magani, fuska a rufe. Wai ciwo ne mai cin fata, an ɓoye. Wai man da ke yi wa mutane wata biyu, ita kwana bakwai yake mata, to ki auna girman abin.

Kin ga inda dabarata ta juyo ta cije ni.

Uwa ta ce ba ta yarda ba. Dogo ya rantse, ta ce so ya rufe masa ido. Allura ta ji labari, ta koma ɗaki, ta sake juya madubi. Ta ce, "Kaka, dama na sani. Ki ce masa kar ya ƙara zuwa."

Ranar ban iya cin abinci ba, ni da ko zazzaɓi bai hana ni.

Washegari na aika a ce wa uwar Dogo tsohuwa na roƙon ta taka ta zo. Ta zo da hantsi, fuska a ɗaure, mai jan bakin nan na biye da ita tana taunar cingam. Dogo a baya kamar wanda za a yanke wa hukunci. Na kira Allura, na kira ubanta. Na shiga ɗaki na jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin kayan sanyina, na buɗe a tsakiyar tabarma.

Robobi bakwai. Kowace da kyar aka taɓa ta.

"Ga ciwon da ke cin magani," na ce. "Ni ce. Shekarata saba'in da wani abu, kuma ba na jin magani."

Ubanta ya ce, "Inna!"

Allura ta ce, "Kaka! Har da tsintsiya fa na duba!"

"Ai ɗakin ya sharu."

Uwar Dogo ta ce, "To don me, Kaka?"

"Don in ta zauna a ɗaki, man zai gyara fata ya bar min yarinya a lalace. Na ga ɗanki ya sa ta dariya ranar farko. Ni kuma ba ni da ƙafar kai ta, sai dabara."

Matar nan ta yi ta kokawa da bakinta, ƙarshe dariya ta ci ƙarfinta har da riƙe ciki. Ta ce, "Zo nan, 'yata, in gani." Allura ta kalli Dogo, sannan ta zare gyalen da hannunta ta ajiye. Uwar ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske.

"Wannan ɗan layin ne aka ce min ciwo mai cin fata?"

Ta waiga neman 'yar ƙanwarta. Sai cingam a ƙasa.

Kafin ta tafi ta ja hannun riga ta nuna wa ɗanta wata tsohuwar ƙuna, wai ko man zai yi mata. Ya ce tsohon tabo ba ya ji kamar sabo, amma a gwada. Na ba ta roba biyu. Na ce ƙwayar shinkafa fa, kar ki yi irin tawa.

Sauran biyar Allura ta ci gaba da su har ta cika wata shida, safe da yamma, Dogo na tuna mata a waya kamar mai tada barci. Ta koma shago, kuma kayan da kika gani a jikinta ranar bikin ita ta ɗinka abinta.

Yanzu ke ki ce min tabon na nan. Ban musa ba. Yana nan, siriri, a kwance kamar zare a kan yadi, sai kin matso za ki gani, kuma mijinta ya fi ki matsowa bai yi ƙorafi ba. Amma gyalen da ta naɗe fuska da shi fa, kin gan shi a bikin? Tashi ki leƙa kicin. Da shi nake sauke tukunya.