Bencin Gadar Falkenrode

Ga ta nan, ga ta nanku, ta mutanen da ce.

A shekara ta ashirin da biyu ta sarautar Sarki Wendelin na Falkenrode, da kaka, ana tsinkar inabi, talakawa suka yi wa fada zobe. Masana sun daɗe suna rubuta cewa sarki da manomi duk ƙasa ɗaya aka gina su da ita. A wannan shekarar maganar ta fito daga littafi ta hau titi.

Sarkin Fada Ottmar, tsoho mai shekara saba'in, shi ya shirya gudu. Ya yi shigar fatake, Sarki ya sa rigar bara ya riƙe linzami. In sun haye gadar kan iyaka, Sarki ya tsira da ransa.

To, a wannan fada ba mai zama Sarki na tsaye, sai ya ba shi izini. Shekara hamsin Ottmar yana tsare wannan doka, har ya taɓa korar ɗan Sarki daga zaure saboda ita.

Da hantsi suka iso gada. Talakawa ne ke tsaronta, shugabansu wani maƙeri ne, Veit. Ya kafa tasa dokar: ba mai wucewa sai maigida da bara sun zauna benci ɗaya sun sha romon kabeji a kwano ɗaya.

Veit ya ce, "Zauna, Baba. Romo ne, ba guba ba."

Ottmar ya dubi bencin, ya dubi Sarki a tsaye wajen dawakai. Gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa.

Wani mai tsaro ya ce, "Ko maruru gare ka a mazauni, tsoho?" Aka fashe da dariya.

Sarki ya ga abin zai ɓaci, ya ce a hankali, "Maigida, zauna mana."

Kafin hankalinsa ya dawo, Ottmar ya cire hula, ya rusuna har ƙasa. "Godiya nake, ranka ya daɗe."

Dariya ta ɗauke. Veit ya ajiye ludayi. "Yau ga farke mai gode wa baransa. Kai, ɗago fuskarka mu gani."

Sarki ya saki linzami, ya ɗago kai. Bai yi musu ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Ku bar tsohon, bai san wata hanya ba."

Bayan kwana tara aka fille wa Wendelin kai a kasuwar hatsi. Ottmar ya roƙa a haɗa da shi. Alƙalan talakawa suka ce, "Ba ma kashe bayi, 'yanta su muke yi. Tafi, kai ɗa ne."

Ya yi shekara shida da wannan 'yanci, bai sake yi wa kowa magana ba.

Haka mulki yake, 'ya'yana. Yakan koya wa mutane rusunawa har ta shiga ƙashinsu, ranar da ya so su miƙe kuwa, ba mai iyawa.

Ƙurunƙus, yadda kakata ta ba ni, haka na ba ku.