Jijiyar da Ta Hana Douwe Cin Burodi

"Mahauciya! Fita mini daga gida!"

Tjitske ta dire kofin da ke hannunta har kofi ya fantsama a kan tebur. Kwana biyu ke nan da rasuwar Douwe, mahaifin saurayinta Sjoerd, kuma babu jana'iza. Motar makarantar likitoci ce ta zo ta ɗauki gawar, bisa wasiyyar da ya rubuta da hannunsa. A makarantar Tjitske take aiki, ita ke feɗe gawa tana fito da jijiyoyi don ɗalibai su gani.

"Mama, ni ce mahauciyar?"

"Ke mana!" in ji Aukje, matar marigayin. "Kin hure wa mijina kunne, ko kabarin da zan kai wa fure ba ki bar mini ba!"

Annelot, 'yar maƙwabta, tana gefe tana shafa bayan tsohuwar. Ɗaliba ce a makarantar, kuma tun suna yara idonta ke kan Sjoerd.

"Ni dai abin da na gani na faɗa," ta ce a sanyaye. "Bara na ga marigayin a ofishinki... jiya kuma na ga sabon kan gawa a kan teburinki."

Tjitske ta juya ga Sjoerd. Kansa na ƙasa.

"Ba za ka ce komai ba?"

"Masoyiyata... ki dai gaya mini. Shi ne?"

Ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Shekara huɗu suna tare!

Ta taka har gabansa, ta danna yatsu biyu a gefen kansa, tsakanin ido da kunne.

"Cije haƙoranka!"

"Tjitske..."

"Na ce ka cije!"

Ya cije. Tsokar ta motsa a ƙarƙashin yatsunta.

"Ka ji ta? Ita ke rufe maka muƙamuƙi. Tana sauka ta bayan ƙashin kunci, ta wuce wani kwarmi da ko yatsa ba ya kaiwa. Ta nan jijiyar da ta azabtar da mahaifinka take bi. Shekara goma sha ɗaya ba ya iya tauna burodi, iska ta taɓa masa kunci sai hawaye! Kuna ina? Ku kuka ce raki ne!"



"Likitan da ya raba shi da ciwon, a kan gawar wani ya koyi hanyar. Shi ya sa mahaifinka ya hau keke ya zo wurina, ya ce in nuna masa abokiyar gabarsa. Na nuna masa a ƙoƙon kai na roba. Ya yi ta dariya, ya ce, 'Wannan ɗan zaren ne ya kayar da ni?' Sau uku ina roƙonsa ya gaya muku zancen wasiyyar. Ya ce in Aukje ta ji, ita za ta kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba."

Wani sauti ya kuɓuce wa tsohuwar, tsakanin kuka da dariya.

"Gawarsa kuma ko ganinta ban yi ba. Ni na roƙa a kai shi wata makarantar, a wani gari. Kan da ke teburina ya shekara biyu a wurin, Annelot, a kansa kika faɗi jarrabawa!"

Fuskar Annelot ta yi jawur.

Tjitske ta zare zoben alkawari ta ajiye kusa da kwanon cuku.

"Mahaifiyarka na yafe mata, baƙin ciki ne. Kai ne ka tambaye ni."

Wata uku ba ta ɗauki wayarsa ba. Furannin da ya aiko, a kwandon shara suka ƙare. Aiki ta sa a gaba, tana bin jijiya da ɗan hantsaki tana zaginsa a zuci.

Ranar da ɗalibai ke taron tunawa da waɗanda suka ba da jikinsu, sai ga shi a layin baya, riƙe da hannun mahaifiyarsa. Wata ɗaliba ta miƙe ta ce ba ta san sunan malaminta na farko ba, wato mamacin da ta koyi aiki a kan gawarsa, amma ta san kowane lungu na fuskarsa, kuma ba za ta taɓa marar lafiya ba tare da ta tuna shi ba. Aukje ta yi kuka har aka tashi.

A wurin ajiye kekuna ya tare ta.

"Zuciyata, na yi wauta."

"Babba ma!"

"Na san amsar tun kafin in tambaya. Tsoron Mama ne ya..."

"Kada ka laɓe a bayanta!"

"To. Ni ne. Ni kaɗai."

Ta daɗe tana hararsa. Ya rame, rigarsa ta jiƙe da yayyafi, ko lema bai ɗauko ba. Haushinsa take ji, kuma kewarsa ta fi haushin.

"Ban huce ba, Sjoerd."

"Zan jira."

"Za ka daɗe."

"Ina da lokaci."

A watan Satumba aka ɗaura auren. Da safen ranar Aukje ta tura Sjoerd waje daga ɗakin amarya, ta rufe ƙofa, ta fito da takarda da biro daga jakarta.

"'Yata, gaya mini yadda ake rubuta wasiyyar nan. Ba zan bar tsohon nan ya koyar da likitoci shi kaɗai ba."