Awon Riga Daga Kafaɗa Ake Farawa

Da almuru na tafi gidan ƙanwata da kwaɗo a jaka, don in kulle ƙofar da kowa ya bari a buɗe. Tela ce. A ɗakin ɗinkinta aka kashe ta, kuma tun ranar gidan ya zama wurin kallo. Mutane na shiga ba sallama, su ɗauki hoto, kowa ya fito da ɗan abin nunawa. Wani ya ɗauke almakashi, wata ta ɗauke tef ɗin awo. Har yadi mai furanni da na kai mata ta ɗinka mini riga, sun yayyanka shi ƙyalle-ƙyalle sun raba. Na koyar da yara har na yi ritaya, kuma na gane fuskokin wasunku a hotunan. Ba haka na koya muku ba.

Ni dai na yi sallama, ko da yake na san kango ne.

"Wa alaikumus salam, Yaya."

A hankali aka amsa, daga ɗakin ɗinki. Tun da aka binne ta ba wanda ya sake kira na Yaya. Abin da ya ja ƙafata ke nan.

Ɗakin na warin man keke da ƙura. Keken ɗinkin na juyawa, tak-tak-tak, ba kowa a kan kujera. Sai ya tsaya.

"Kin rame," in ji muryar, daf da kunnena. "Tsohon awonki ba zai yi ba. Tsaya sosai, Malama, kamar yadda kike tsayar da yara."

Tsokanarta ce, ba ko shakka. Na tsaya.

"Sun tafi da tef ɗina. Da hannu zan gwada."

Yatsu masu sanyi suka sauka a tsakiyar kaina. Babban yatsa, sannan ɗan tsakiya. Suka gangaro goshi. Suka gangaro wuya.

Na sha zama a ɗakin nan ina kallon ta tana aiki. Awon riga daga kafaɗa ake farawa.

Na dubi keken. Farin yadi ne a ƙarƙashin allura.

"Auta," na ce, "ina mai furannin?"

"Sun kwashe, Yaya. Wannan kaɗai suka bar mini. Kin san ba na barin aiki a rabi."

Yatsun suka kai ƙirji.

Na fizge jikina. Na yi karo da ƙofa, takalmina ɗaya ya fita, ban juya ba. Kwaɗon na nan a jakata har yau.

Da na isa gida na cire mayafi, na ga layin allin tela daga ka zuwa ƙirji. Na wanke shi. Washegari ya fito a kan wani mayafin, ya ƙara tsawo. Ba ni da wanda zan nuna wa.

Saboda haka ku saurara, ku da kuka ɗauka. Ba haƙuri nake so ku ba ni ba. Kowa ya mayar da ƙyallensa kan keken, ya yi sallama kafin ya shiga. Mai tef ta mayar, mai almakashi ya mayar. Riga ta yi mini alkawari, ku bar ta ta ɗinka riga.

Yau da safe allin ya wuce gwiwa.