Kokena da Ya Ɓace a Kwamfutar Unguwa

Ranar Litinin da safe na tarar da jan fenti a jikin rumfata. Ban iya karatu ba, amma a Maamobi ko jariri ya san abin da jan fenti yake nufi: kwashe kayanki. Matar tankas, mai duba tsaftar unguwa, tana tsaye ta toshe hanci. Ruwan gota, wato kwata, baƙi ƙirin ya kwanto har ƙarƙashin bencin da masu cin waakye, shinkafa da waken da nake sayarwa, suke zama.

"Hajia Fatimata, ba a sayar da abinci a kan wannan," in ji ta. "Zuwa ƙarshen wata ki tashi."

"Tun farkon damina nake kai ƙara ofishin unguwa!"

"Rahotonsu yana zuwa mana duk wata. Babu sunanki. Kawo shaida, in ɗaga miki ƙafa."

Wannan rumfar da ita na rufa wa kaina asiri tun rasuwar maigidana. Na rufe tukunya, na ja gwiwoyina zuwa ofis.

Ofishin ƙungiyar unguwarmu ɗaki ɗaya ne, da fankar da ba ta juyawa. Shamima ce take zama a teburin koke. Ka faɗi damuwarka, ta buga a kwamfuta, ƙarshen wata abin ya haɗa rahoto ya tura wa hukuma ta intanet. A gaban idona ta sha buga nawa. Ta duba, ta sake dubawa.

"Mma, babu. An goge."

"Wa ya goge?"

"Ba ya faɗa."

"Kwamfutar da kuka ce ta san komai?"

Ta ja numfashi. "Lokacin da kwamiti zai sayi manhajar rahoton, iri biyu aka kawo. Ɗaya kowa da lasisinsa da sunansa, duk wanda ya taɓa abu sai ta rubuta. Ɗayar mai arha, lasisi ɗaya, mu duka da kalmar sirri ɗaya. Ita aka zaɓa."

"Yi mini Hausa, yarinya."

"Kamar motar trotro ce mai kujera ɗaya. In wani ya hau, na zaune ya sauka. Ko da waya daga gida ana hawa."

"Su wa suka san kalmar?"

"Ni, da Fuseini mai yasar gota, da sakatare Abdul-Mumin, sai ciyaman, Alhaji Fataw."

"To da ke zan fara. Ke kika goge?"

Ba ta ma yi fushi ba. "Mma, in koke ya ɓace ni kike zuwa ki zaga. Zan nemo wa kaina zagi?"

Gaskiyarta. Na zauna.

"An taɓa sauke ki daga kujerar?"

"Duk Juma'a. Ina cikin aiki sai ya fitar da ni. Na ɗauka netwok ne."

"Da wane lokaci?"

"Lokacin huɗuba."

"Ba kya rufe ofis?"

"In je ina? Nan nake sallata. Lokacin ne ma ba mai damuna."

Na sami Fuseini a cikin gota, ruwa har gwiwa, da shebur a hannu.

"Ɗan nan, kai kake goge kokena don ka huta da aiki?"

"Hajia, wallahi gotarki na yashe ta har na gaji. Ba wajenki ne ya toshe ba. Can ƙasa ne, ƙarƙashin siminti, inda shebur ba ya shiga."

"Simintin wa?"

Sai ya kalli sheburinsa. Ban matsa ba, yana da iyali.

"Ina kake lokacin huɗuba?"

"Haba Hajia! Muryar wa kike cewa tana fasa miki kunne?"

Na manta shi ne ladanin masallacinmu. A gindin mumbari yake zama, idon kowa a kansa. Na cire shi.

Abdul-Mumin ban sha wahalarsa ba. Ya fara yi mini Turanci, na ce ya ajiye wa 'yan ofis. Shi yake shimfiɗa tabarmi a titi duk Juma'a in masallaci ya cika, kuma a rumfata yake barin wayarsa tana caji har a idar. Ni ce shaidarsa, ko ina so ko ba na so.

"Wa ya zaɓi mai kujera ɗaya?" na tambaye shi.

"Ni na ce a sayi mai suna-suna, Hajia. Ana ma iya biyanta wata-wata, ba ta fi ƙarfinmu ba. Alhaji ya ce ƙungiya talaka ce, kuma 'yan'uwa ba sa sa wa juna ido."

Alhaji Fataw yana da shagon kaji da kifi masu ƙanƙara a ƙasan layinmu. Bara ya faɗaɗa gaban shagon da siminti har kan gota. Na tsaya a kan sabon simintin, na ji ruwa yana gurnani a ƙarƙashin ƙafata.

"Hajia, girma ya zo," in ji shi, yana jan carbi. "Wataƙila niyyar kai ƙarar kika yi, ba ki kai ba."

"Wataƙila. Ina kake Juma'a, Alhaji? Ba na ganinka a sahu."

"Kotobabi nake zuwa, wajen surukaina."

"Ko wani yana shiga ofis lokacin salla ya yi ɓarna?"

Ya yi dariya. "Ranar Juma'a ofis ba kowa. Kowa yana masallaci."

Kowa! Ga mace zaune a wurin duk Juma'a tana aiki, amma a lissafin Alhaji ita ba kowa ba ce. Na yi masa sallama.

Zato ba shaida ba ne. Ranar Alhamis na sa Shamima ta buga sabon koke, har da maganar siminti. Sannan na je na roƙi matar tankas ta raka ni ranar Juma'a. Kirista ce, Juma'a ba ta tsare ta.

"Hajia, kina ba ni wahala."

"Ke kika fara, da fentinki."

Juma'a ta zo. Layi ya yi tsit, sai muryar liman a lasifika. Muka laɓe bayan wata kwantena daura da shagon Alhaji, rana tana dukanmu. An sauke ƙofar shagon, an bar ɗan fili a ƙasa. Takalmansa na zuwa Kotobabi suna nan a bakin ƙofa. Wayata ta yi ƙara.

"Mma, ya sauke ni yanzu," in ji Shamima.

Ban san ina da sauran ƙarfi ba sai da na ɗaga ƙofar nan. Yana zaune a kan firiza, tabarau a hanci, waya a hannu.

"Salamu alaikum, Alhaji. Ashe Kotobabi ta matso kusa."

Ya so ya kife wayar. Matar tankas ta miƙa hannu, kuma ba a hana tankas a shagon abinci. Ni ban iya karatu ba, ita ta iya. Kokena ne a buɗe a wayar, ta karanta sunana da ƙarfi, da rumfata, da siminti.

A taron kwamiti suka ce in yi bayani. Na ce ba wani bayani mai tsawo. Kujera ɗaya ce, mutum huɗu ke hawa. Ɗaya ita ake saukewa. Ɗaya yana gindin mumbari. Ɗaya wayarsa tana rumfata. Saura wa? Wanda ya dage a sayi abin da ba ya riƙe suna, wanda in kokena ya isa hukuma za a fasa masa siminti. Ya zaɓi lokacin huɗuba don yana ganin ba mai lura. Da ya san mata ma mutane ne, da har yau ban kama shi ba.

Alhaji ya ce sharrin Shaiɗan ne. Na ce Shaiɗan ba shi da kalmar sirri.

An sauke shi daga ciyaman. An fasa simintin, Fuseini ya fitar da shara har da tsohuwar katifa, ruwa ya wuce. Sun koma manhajar wata-wata, kowa da sunansa. Matar tankas ta ce in ci gaba da sana'ata. Ba wanda ya ba ni haƙuri, ban kuma yi mamaki ba. Masu cin waakye da warin ya kora, wasunsu sun saba da wata rumfar, ba su dawo ba.

Jan fentin kuma yana nan. Tankas ta ce aikinta shafawa ne, ba cirewa ba. Shi ya sa jiya da safe na ɗauki bokiti da soso da kananzir, na ja gwiwoyina zuwa ƙasan layi, na dire su a gaban Alhaji, mutane suna kallo.

"Tashi," na ce. "Hannunka ya saba da gogewa."