Fiyanon da Auta Bai Zaɓa Ba

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ƙaninta, wanda kowa ke kira Auta. Auta ba ya gani tun haihuwa, amma kunnensa ba ya kuskure. Su biyun suna son kiɗa ƙwarai.

A falonsu akwai wani tsohon fiyano, abin kiɗa mai aiki da lantarki. Na Babansu ne tun yana saurayi. Fentinsa ya koɗe. A samansa akwai maɓallai da yawa, wasu na dannawa, wasu na murɗawa, kowanne da aikinsa. Auta ya san su duka da yatsunsa. In ya danna wannan, sai ka ji sarewa. In ya murɗa wancan, sai sautin ya yi kauri kamar kukan bijimi. In sun gama aikin makaranta, shi ya kaɗa, ita ta rera.

Amma tsohon fiyanon ya ishi yarinyar. Ta ga sabo a gidan ƙawarta, mai gilashi a gaba kamar na wayar hannu. Da ka taɓa gilashin, sai sauti ya canza. Har murya yana ɗauka. Tun ranar ta sa shi a ranta.

Wata rana gefe ɗaya na tsohon fiyanon ya daina ƙara. Baba ya kira ta, lokacin Auta yana wanka.

"Ranar Asabar zan kai shi shago," in ji Baba. "Ko a gyara mana, ko mu bayar a canza mana da sabo. Ku yi shawara ke da Auta, tunda naku ne ku biyu."

"To, Baba," ta ce. Amma ba ta faɗa wa Auta komai ba. Ta san abin da zai ce.

Ranar Asabar Mama ta kai Auta aski. Yarinyar ta bi Baba shago. Mai shagon ya duba tsohon fiyanon, ya ce, "Wannan zai gyaru. Irinsu ba sa mutuwa da wuri. Sabon kuma ya fi shi yawan sauti, ga shi ba nauyi. Duka masu kyau ne. Ya danganta da mai kaɗawa."

Baba ya dube ta. "Me kuka yanke ke da Auta?"

Ta kalli gilashin nan mai walƙiya. "Sabon muke so," ta ce.

Da suka dawo gida da sabon fiyanon, Auta ya sheƙo da murna. Ya ɗora hannu a saman fiyanon yana laluben maɓallai. Bai ji komai ba sai gilashi mai sulɓi. Ya taɓa nan, ganguna suka ɓarke. Ya taɓa can, komai ya yi tsit.

"Yaya, ina sarewata?" ya tambaya.

"Tana ciki. Bari in nemo maka."

Ta nemo masa. Can ya so canza sauti, sai da ya sake kiranta. Kashegari ma haka. Kullum sai ya ce, "Yaya, zo ki danna mini." In ba ta nan, sai ya zauna ya jira.

Kafin mako ya zagayo, Auta ya daina zuwa wurin fiyanon. Yakan zauna a bakin gado yana kaɗa yatsunsa a gwiwa.

Yarinyar ta zauna ita kaɗai. Ta gwada sauti iri-iri. Ta ɗauki muryarta ta saurara. Amma waƙar ba ta yi mata daɗi ba, domin ba mai kaɗa mata.

Sai ta rufe idonta gam, ta miƙa hannu ta ce bari ta nemo sarewa. Ta shafa, ta shafa. Ko'ina iri ɗaya ne, ba tudu ba kwari. Ta buɗe ido, hawaye ya cika shi.

Ta sami Baba yana goge takalminsa. "Baba, ban faɗa maka gaskiya ba. Ban yi shawara da Auta ba."

Baba ya ajiye takalmin. "Na ji daɗi da kika faɗa," ya ce. "Ni ma da laifina, da ban tambaye shi da bakina ba. Amma ba ni za ki fara ba haƙuri ba."

Ta je ta zauna kusa da Auta, ta faɗa masa komai.

"Ashe an tambaye ni?" ya ce a hankali. "Na ɗauka Baba ne ya ga ba sai an tambaye ni ba."

Wannan magana ta fi duka yi mata ciwo. "Ka yafe mini, Auta."

Can ya ce, "Na yafe. Amma ina son fiyanonmu."

Suka koma shago su uku. Mai shagon ya girgiza kai. "Ayya! Na gyara shi, wani malamin makaranta ya saya wa ɗalibansa."

Auta ya sunkuyar da kai. Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta.

"Amma zo nan, ɗan saurayi," in ji mai shagon. "Zan karɓi mai gilashin. Ka gwada duk waɗanda ke nan da hannunka."

Auta ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yayarsa na riƙe da kafaɗarsa. Wannan ya yi masa ƙanƙanta. Wancan sautinsa kamar na sauro, in ji shi, har Baba ya yi dariya. Daga ƙarshe ya tsaya a gaban wani baƙi. Ba tsoho ba ne, ba kuma sabo fil ba. Yana da maɓallai na dannawa da na murɗawa, kuma yana ɗaukar murya. Auta ya murɗa ɗaya, ya kaɗa, fuskarsa ta washe.

"Shi ke nan, a naɗe?" in ji Baba.

"Tukuna, Baba," in ji Auta. Ya juya. "Yaya, ke fa? Ya yi miki?"

Ta matse hannunsa, sannan ta ce, "Ya yi mini, Auta."

Da yamma falon ya cika da kiɗa. Auta bai san maɓallan duka ba tukuna. Ita ke karanta masa sunan kowanne, shi kuma yana haddacewa. Mama ta leƙo daga kicin tana murmushi, ta ce, "Ku dai rage ƙarar, kada maƙwabta su kawo ƙara!"

Daga ranar yarinyar ta gane cewa abu ba ya fin kyau don sabo ne, ko don tsoho ne. Mai kyau shi ne wanda ya dace da masu amfani da shi. Ta kuma koyi cewa abin da yake na mutum biyu, ba a zaɓarsa sai an ji ta bakin kowa.