Wanda Zai Shiga Gurbinsa

"Ka ce me?!"

Nafisat ta miƙe zumbur har kofin zoɓo ya kife a kan kafet. Sharhabil bai ɗago ba. Daga sansanin sojan sama na Mando ya wuto gidan su Nafisat a Abakpa, ko kakinsa bai cire ba.

"Na ce ba zan karɓi aikin koyarwar ba, Nafi. Fagen daga zan tafi."

Abba fa ya faɗa ya nanata: in Sharhabil ya zauna Kaduna yana horar da sababbin matuƙa jirgi, a ɗaura aure bayan sallah. In kuwa ya tafi, a mayar musu da kayan sa rana, don ba zai zuba ido 'yarsa ta ƙare a jiran mugun labari ba.

"Fiddausi ce ko? 'Yar gwaggon taka? Na ji abin da take yaɗawa, wai ina so in mayar da kai matsoraci, ita kuwa ko ina ka je za ta jira ka!"

"Haba sanyin idona, rabu da Fiddausi."

"Ba zan rabu ba!"

Ta fizgo kwamfutarta. Ita Nafisat in kana nemanta ranar Asabar, to tana kan wasan kwamfutar nan na yaƙin duniya na biyu, wanda mutum ke jagorantar rundunar jiragen sama. Shi ya koya mata, amma wallahi yanzu wanka take yi masa. Da matuƙinta ya goge sai ta janye shi, ta kai shi makaranta ya horar da na baya. Gogan naka kuwa gwanayensa yake ta turawa har a kakkaɓo su tas, ya rage da 'yan koyo da ko sauka ba su iya ba.

"Dubi nan! Me ya sa kullum nake cinye ka? Saboda ba na ƙarar da gwanina a gaba, gida nake dawo da shi ya koyar! Kai da bakinka ka ce a zahiri ma haka ya kamata!"

"Haka ne."

"To?"

"To idan kin janye gwanin, wa ke shiga gurbinsa?"

"Wanda ke bi masa mana, sabon da ya gama horo..."

"Kin taɓa tsayawa kin duba ko waye?"

Gaskiya ba ta taɓa ba. Dannawa kawai take yi wani ya hau jirgin, in an harbo shi ta danna wani.

Sai yanzu ya ɗago ya dube ta, idanunsa sun kaɗa.

"In na zauna, wanda ke bi mini shi za a tura. Jamaluddeen ne."

Jamal! Ƙaninta, autan Umma, wanda bai daɗe da gama koyon tuƙin jirgi ba, har yanzu in ya shigo gida tukunyar Umma yake fara buɗewa.

"Innalillahi..." Ta zube a kujera.

"Yaron yana da ƙoƙari, amma bai nuna ba tukuna. Ni na san wurin. Ban gaya masa ba, don ba zai yarda ba."

Hawaye suka ɓalle mata. Tsoro ne zalla ya cika ta, ko ta ina ta juya nata ne zai tafi.

"Me ya sa ba ka faɗa wa Abba ba?"

"In ce ya ba ni 'yarsa ladan ɗansa? Allah ya sawwaƙe."

"Yaushe ne tafiyar?"

"Wata mai kamawa."

Can ta share fuska, ta gyara mayafinta, ta nufi ƙofar cikin gida.

"Ina za ki?"

"Wajen Abba. Kai ka ƙi faɗa, ni zan faɗa."

"Nafi... in ban dawo ba fa?"

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"In haka Allah ya rubuta, masoyi, ni zan yi maka takaba, ba wata ba."

Abba na kan tabarma yana sauraron rediyo lokacin da ta durƙusa ta zayyana masa komai, tana magana tana shessheƙa. Ya kashe rediyon.

Sannan ya juyo ya dube ta.

"Je ki ce ya turo manyansa. Ranar Juma'ar nan za a ɗaura."